Taku Bakwai, Sai Hagu

Ni ne mai jifa.
Kawu Lurwanu ya zo da ita daga Amurka a ƙasan akwati,
ƙwallo mai siffar gwanda, da ɗinki a ciki kamar ta sha tiyata.
Ya ce da hannu ake yin ta.
Muka yi dariya har da riƙe ciki,
sannan muka zana fili da toka a bayan makaranta,
kowa ya soke tsumma a ƙugu,
wanda aka fizge wa nasa, tafiyarsa ta ƙare.

Mannir ɗan Ƙofar Sauri ne,
kuma ƙofar ta bi shi har cikin jini.
In ya zabura, inuwarsa ma tana baya tana haki.
An ce ya taɓa tsere wa ɗan acaɓa daga Gobarau zuwa kasuwa.
Ban gani ba, ban kuma musa ba.
Sai dai in na jefa masa,
ƙwallon kan sauka inda ya baro tun ɗazu,
ko ta daki ƙeyarsa ta koma gefe tana birgima.
Ya ce, "Hannunka ke da nawa."
Na ce, "Ni da kai ba mu yi alkawarin wuri ba."

Sagiru kuwa yaron tela ne a Rafindadi.
Ƙafarsa nauyi, ko akuya mai ciki ba zai kamo ba.
Amma shi fili yadi ne a wurinsa,
sai ya auna kafin ya sa almakashi.
Ɗaya, biyu, leɓensa na motsi,
a na biyar idonsa ya yi ƙarya,
a na shida kafaɗarsa ta ba da shaidar zur,
a na bakwai ya dasa dama, ya rage tsawo,
ya yanke hagu.
Mai tsaronsa ya wuce fuu,
ya tafi cefane kasuwar da ta riga ta watse.

Ni kuwa tun yana na biyar na saki.
Ban jira fuskarsa ba.
Na jefa wa wani fili da babu kowa,
na san mai shi na tafe.
Ƙwallo da hannu suka iso tare
kamar maɓalli da kafarsa.

Kawu na zaune kan bokitin fenti yana ɓare gyaɗa.
Ya ce, "Gudu kyauta ce, ba a sayar da shi.
Kwana kuwa, da guminka za ka biya."
Mannir ya tofar da yawu.
Kwana uku ba mu gan shi ba.

Ran na huɗu, bayan asuba, na biyo ta filin da gorar kunu
na tarar da su biyu.
Sagiru ya jera marafan kwalba a ƙasa
yana cewa, "Nan za ka taka. Ba can ba. Sake."
Mannir na sakewa, yana zamewa, yana zagin takalminsa.
Damina guda suka cinye a haka.

Yanzu in Mannir ya dasa ƙafa ya juya,
babu mai riƙe shi daga nan har Jibiya.
Jiya da muka kara da 'yan Ƙofar Marusa
sau uku ya tsallaka layin toka,
yara na ihu, ana ɗaga shi sama.

Na waiwaya ina neman Sagiru.
Yana gefe, gurbinsa ya zama na wani,
zaune kusa da bokitin Kawu da zare maƙale a rigarsa.
Bai yi tafi ba.
Leɓensa kawai na gani yana motsi:
biyar, shida, bakwai.
Sai ya girgiza kai, ya ce da ni a hankali,
"Ya ƙara rabin taku."